Na Je Scarborough Ɗauko Ummi

Tun da na dawo Dubai daga Ingila ban huta da tambaya ba. A siton da nake aiki a Al Warsan tambaya, a masallacin Juma'a tambaya, in na leƙa Al Sabkha wurin su Alhaji Mudi kuma sai a ajiye ciniki a sa ni gaba. Ni kuwa ba na son ba da labari gutsi-gutsi, wannan ya ji kai, wancan ya ji wutsiya. Saboda haka na zauna na rubuta shi daga farko har ƙarshe, yadda ya faru. Wanda ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Zan fara da dalilin tafiyar, domin ba yawon buɗe ido na je ba. 'Yata Halima, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata gare ta, ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi aiki a Sharjah kusa da mu, daga baya ta sami aiki a wani asibiti a Scarborough, wani gari a bakin teku a arewacin Ingila. Wa'adin aikinta ya zo ƙarshe, sun ce ta sabunta, har da damar ƙaro karatu. A nan kuma tsohon wurin aikinta sun ce ƙofa a buɗe take. Ita tana son zama can. Ni ina son ta dawo. Ban yarda 'ya mace ta zauna ita kaɗai a ƙasar da in ta faɗi babu mai ɗaga ta ba. Muka yi ta ja a waya har mahaifiyarta, Hajiya Binta, ta raba gardama.

"Malam, ka je ka gani da idonka mana. Kai da ko kwantena ba ka sa wa hannu sai ka buɗe ta."

Ummi ta ce ta amince, duk abin da na yanke bayan na gani shi za ta bi. Da biza ta fito na ɗauki hutu.

Wurin shirya kaya muka ɗan sami saɓani. Hajiya ta cusa kilishi a cikin akwati, na fitar da shi. Ta sake mayarwa ƙarƙashin riguna, na sake fitarwa. Aikina ke nan, na san abin da ke tsallake iyaka da abin da ba ya tsallakewa, nama ba ya shiga ƙasar nan. Na bar mata kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Ni kuma na sayi babban kwalin dabino da turaren wuta, saboda mutanen da za su zo yi mini sannu da zuwa. Ba a karɓar baƙi hannu sake.

Daga unguwarmu International City tasi ya kai ni filin jirgi. Game da jirgi babu abin faɗa, zama ne kawai har ƙafa ta kumbura. A Manchester muka sauka, kuma abu na farko da ya burge ni shi ne layi. Babu mai tsallake wani, babu mai cewa yana riƙe wa ɗan'uwansa wuri. Jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce na zo duba 'yata. Ya duba takarduna, ya ga komai a jere yadda zai buƙace shi, ya buga hatimi. A wurin kwastan ni na kai kaina ƙofar masu kayan nunawa. Wani matashi ya buɗe ledar daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya.

"Wannan ci ake yi?"

"Ci ake yi."

"Da gangan?"

Na ce masa da gangan, kuma miya ba ta miya sai da ita. Ya ɗaure ledar da kyau, ya ƙara mata wata ledar daga aljihun teburinsa, ya ce in sauka lafiya.

Ummi na jira a waje. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni a tsakiyar mutane, wata Baturiya ta tsaya tana tsammanin wani abu ta yar. Na ji daɗin wannan gaisuwa. Amma na lura ta rame, na kuwa riƙe abin a raina.

Muka shiga jirgin ƙasa, muka canja wani a York. Cikin jirgin shiru kamar ana jarrabawa. Wani dattijo ya zauna gabanmu da karensa, karen ma bai ce uffan ba. Ta taga sai ciyawa kore shar da tumaki birjik, babu makiyayi ko ɗaya. Na tambayi Ummi wa ke tsaronsu, ta ce shinge. Na ce a garinmu Funtua da shingen da tumakin duk sai an neme su kafin Asuba.

Gidan Ummi ɗaki ɗaya ne da falo, a saman wani tsohon gida, cikin layin gidaje masu manne da juna. Ta so ta bar mini gadonta, na ƙi. Sai ta kama mini ɗaki a wani ƙaramin masauki a ƙarshen layin, irin wanda mai gida ke ba da wurin kwana da karin kumallo. Mai masaukin, Mista Colin, mutum ne mai doka. Lokacin karin kumallo in ya wuce ya wuce. Mun fahimci juna tun ranar farko. Ya cire mini naman alade daga faranti ba tare da na maimaita ba, ya ba ni ƙwai da wake da gurasa da wani kifi mai banda. Abin da ban gane ba shi ne famfonsu. Na ruwan zafi daban, na sanyi daban, ɗaya ya ƙona ka, ɗaya ya daskarar da kai, sai ka yi alwala kana tsere tsakaninsu. Buta kuwa Allah Ya sa na taho da tawa. Duk mai shirin zuwa ya riƙe wannan.

Washegari na sa farar shadda da hula, na tafi gidan Ummi tun da hantsi. Na sa ta jera dabino a faranti, ta kunna turare. Na zauna a falo.

"Baba, wa kake jira?"

"Maƙwabtanki. Ba ki gaya musu mahaifinki ya zo ba?"

"Sun sani, Baba. Amma nan ba sa zuwa haka nan."

"To a bari mu gani."

Na zauna har Azahar, har La'asar. Rana a can lokacin bazara ba ta son faɗuwa, Magariba sai ta kai lokacin da a Dubai an daɗe da yin Isha'i, don haka jiran ya yi tsawo. Babu wanda ya ƙwanƙwasa. A International City, inda kowa baƙo ne, in mahaifin mutum ya zo daga gida falo ba ya ɗaukar masu gaisuwa. Da yamma Hajiya ta kira ta ce yaya. Na ce mata khalas, magana ta ƙare, na ga abin da na zo gani, ta fara share ɗakin Ummi. Ta ce in yi haƙuri in cika kwanakina tukuna.

Kwanakin da suka biyo baya Ummi ta zaga da ni gari. Garin a kan tudu yake, teku a ƙasa. Akwai wani ɗan tarago da ke saukar da mutane daga saman tudun zuwa bakin ruwa a kan dogo, in ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Na tsaya na kalli yadda yake aiki kafin na yarda na shiga. Mun hau kan wani dutse da ya shiga cikin teku, inda kangon tsohuwar ganuwa yake. A gida da tuni an kwashe duwatsun an yi gini, su kuwa sun kewaye kango suna karɓar kuɗin shiga. Iskar wurin ta cire mini hula, Ummi ta bi ta da gudu.

A bakin rairayi na ga jakuna. Yara ake ɗorawa a kansu, a yi ɗan zagaye a dawo. Kowane jaki da sunansa a rubuce a goshi. Mai jakunan ya san Ummi, ya ce ita ta kula da matarsa lokacin da ta karye. Ya bayyana mini cewa jakunan suna da ranar hutu, suna da lokacin cin abinci, likita na duba su, kuma yaron da ya cika nauyi ba ya hawa. Na gaya masa yadda jakin kakana ke ɗaukar mangala biyu na yashi da mai jakin a bisa. Ya dafe kai. Da na ba Alhaji Mudi wannan labari cewa ya yi, "Habibi, ka tambaya mini ko suna neman ƙarin jaki."

Akwai shaguna masu fitilu da kiɗa inda manya da yara ke zuba sulalla cikin na'ura suna jiran wasu su faɗo. Ummi ta ce wasa ne. Na ce caca ce da aka sa wa fitila, muka wuce. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Duk kujerun zama da ke fuskantar teku suna da ɗan ƙarfe a jiki ɗauke da sunan wani mamaci. Iyalinsa ne suka saya suka ajiye, domin mai gajiya ya zauna. Na ce wa Ummi ashe su ma sun san wani abu mai kama da sadaka mai gudana.

Sai abinci. Abincin garin kifi ne da dankali soyayye, a zuba gishiri da ruwan tsami, a haɗa da wani koren wake da aka dama kamar fate. Ummi ta ce ba kowane shago ake shiga ba, wasu da kitsen shanu suke suya, wasu suna zuba giya a ƙullun. Ta kai ni wurin wata mata da ke suya da man gyaɗa irin nasu. Matar tana kiran kowa masoyi, ni ma haka ta kira ni. Na haɗe fuska, sai Ummi ta ce, "Baba, habibinsu ke nan, yadda ake kiran kowa a Dubai." Kifin fari ne tas, babu ƙaya, amma babu yaji ko kaɗan. Ummi ta zaro ƙullin yajin Hajiya daga jaka, nan take kifi ya zama kifi. Ina cikin ci a bakin tashar jiragen masunta sai wani farin tsuntsun teku, girman agwagwa da halin shirwa, ya zo ta bayan kafaɗata ya sure rabin kifin. Ya sauka nan kusa yana haɗiya. Da yajin ya ratsa shi sai ya kama girgiza kai. Ban tausaya masa ba.

Kuskuren da na yi da teku shi ne na ɗauka irin namu na Jumeirah ne, mai zama inda aka bar shi. Na cire takalmina na fata, na jera su a kan yashi nesa da ruwa, na naɗe wando na shiga don in ce na taɓa. Ummi ta ce ruwan na dawowa. Na ce na auna nisan da idona. Sanyin ruwan ya shige ni har haƙori, kafin in juyo teku ya zagayo ta baya ya ɗauki takalmi ƙafa ɗaya. Haka na koma masauki cikin shadda da silifas na roba mai hoton kaguwa, wanda muka saya a shagon kayan yara. Mista Colin ya kalli ƙafata, ya kalli fuskata, ya ce yau an yi rana mai kyau.

Duk inda muka bi ana gaida Ummi. Na gani, ban musa ba. Amma gaisuwar hanya daban, zumunci daban. Ra'ayina bai canja ba, kuma ta san haka, domin ta daina kawo zancen karatun.

Ana saura kwana biyu in taho, Ummi ta koma aiki, ta kwana a asibiti, da safe ta dawo ta kwanta. Ni kuma na dubi kwalin dabino ko rabi ba a ci ba. Na ce tunda ba su zo ba, ni zan je, kada a ce mahaifin Halima ya zo ya tafi bai san hakkin maƙwabtaka ba. Ban gaya mata ba. Ana yayyafi na ɗauki dabino na fara da gidan da ke fuskantar nata. Na ƙwanƙwasa da ƙarfi yadda muke yi. Wata tsohuwa mai farin gashi ta buɗe. Ni dai an san ni, ba mai yawan fara'a ba ne. Na tsaya na ce, "Ni ne mahaifin Halima."

Fuskar tsohuwar ta sauya. "Ta sake faɗuwa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta fizgo makulli, ta ture ni gefe, ta tsallaka titi cikin ruwan sama da takalmin ɗaki. Na bi ta da kwalin dabino ina cewa ta tsaya. Mata ce da ta girme ni nesa ba kusa ba, amma kafin in kai ƙofa ta haye bene ta buɗe gidan 'yata da makullinta. Na tarar da ita a bakin gado ta dafa goshin Ummi, Ummi kuma ta farka a firgice tana kallonmu.

"Margaret, lafiya? Baba, me ya faru?"

"Gaisuwa na je," na ce.

Tsohuwar ta zauna a gefen gado tana haki. Da numfashinta ya dawo ta ce, "A layin nan in mutum ya buga ƙofa haka ba a gayyace shi ba, da irin wannan fuskar, to wani ya mutu ko yana shirin mutuwa."

Na ajiye kwalin. Na ce da Ummi cikin Hausa, "Ta ce kin sake faɗuwa. Yaushe kika fara?"

Ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin na ji labarin. Da sanyin bara ciwon haƙarƙari ya kama ta, ta yanke jiki ta faɗi a falo. Ita da Margaret suna da wata al'ada: kowace safiya kowa na duba labulen ɗaya. In hantsi ya yi labule bai buɗe ba, sai a ɗauki makulli a je. Ummi ce ma ta kawo shawarar, saboda tsohuwar ita kaɗai take zaune tun rasuwar mijinta. Sai ga shi labulen Ummi ne ya fara ƙin buɗewa. Margaret ta same ta a ƙasa, ta kira motar asibiti, ta zauna da ita har aka sallame ta. Bayan nan mutanen layin suka raba kwanaki, yau wannan ya kawo miya, gobe wancan ya yi cefane. Mista Colin, wanda kullum nake cin ƙwansa bai taɓa ce mini komai ba, shi ke zuwa shagon wani Baturke ya sayo mata kazar halal.

"Me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Da na faɗa, Baba, da ranar za ka ce in tattaro."

"Da na ce."

"Shi ya sa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. 'Yarka ta kwanta asibiti kana Al Warsan kana ƙirga kwali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma na ajiye faɗan zuwa lokacinsa. Na juya ga tsohuwar na tambaye ta, tunda haka suke da 'yata, me ya hana ta zuwa gaishe ni? Na gaya mata na wuni guda a zaune da turare ina jira.

Ta riƙe baki. "Ai ni na hana kowa. Na ce mutumin nan ya taso daga nesa, kwanakinsa kaɗan ne, a bar shi da 'yarsa, kada wanda ya dame su. Tun ranar da ka zo na gasa maka kek. Ina ta jira a kira ni, har ya bushe na ba tsuntsaye."

Ni ina wannan gefen titi ina jira a zo, ita tana wancan gefen tana jira a kira. Ummi ta fara dariya tana rufe baki da bargo, Margaret ta kama. Ni ban yi ba, amma na miƙa mata dabino, ta ɗauki uku.

Da La'asar falon ya cika. Margaret ta sake gasa wani kek ɗin, Mista Colin ya zo da taye a wuya, mai jakuna ya zo da matarsa tana dogara sanda. Ummi ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Sun ci da cokali, sun ce da daɗi, ban sani ba ko kara ce. Na tashi tsaye na yi musu godiya da ɗan Turancina na sito, ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya yi. Da na zo kan Margaret sai Turancin ya ƙare. Na yi mata da Hausa, Ummi ta fassara abin da ta iya.

A tashar jirgin ƙasa, ranar tahowa, na ce da Ummi ta tsaya ta saurara.

"Na farko, duk abin da ya same ki, ko ciwon kai ne, mu ji a ranar. In kika sake ɓoye mana, da kaina zan zo in tattara kayanki. Na biyu, hutunki na shekara a Dubai za ki yi shi, uwarki na da hakki. Na uku, tsohuwar nan amana ce a wuyanki kamar yadda kike a nata."

"To, Baba." Ta ɗago ta dube ni. "Na huɗu fa?"

"Na huɗu ki je ki sa hannu a takardarsu. Ki yi karatun da kyau."

Ta durƙusa a kan dandamalin tashar, ta kama hannuna da hannu biyu. Na ce ta tashi jirgi zai tafi, kuma jirginsu ba ya jiran kowa.

Na sauka Dubai zafi ya mare ni tun daga ƙofar filin jirgi. Da na isa gida Hajiya ta karɓi akwati, ta leƙa bayana kamar mai neman wani, alhali ta riga ta ji komai daga bakin 'yarta.

"To, Malam, ina kayan da ka je ɗaukowa?"

"Na buɗe na duba," na ce. "Suna hannu mai kyau. Na bar su a can."